Shekarar da Aka Rufe Bangon Inna

Na san abin da aka faɗa muku a kaina, domin ni ma an faɗa mini. An ce wata rana da hantsi uwarku ta tashi ta shiga ɗakin uwar mijinta, ta yi wa bango kaca-kaca da farce, ta jawo darduma ta jefar a tsakar gida cikin ruwan sama, kuma a kan haka aurenta ya mutu. Wasu sun ce iska ce ta taɓa ni, wasu sun ce baƙin hali ne kawai. Wanda duk ya ce na yi, bai yi mini ƙarya ba, na yi. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne abin da ke bayan takardar. Ke Nana, ke na fi nufi da wannan babi, domin a kanki abin ya faru, ko da yake shekarunki uku a lokacin.

Daga Rabah aka kawo ni Wurno, gidan malamai, gidan da ake ji da asali. Babanki, wanda kowa ke kira Malam, malamin dabbobi ne. Yana bin Baturen allurar shanu ruga-ruga, yau Goronyo, gobe Gandi, jibi Marnona, wani lokaci sai a yi wata guda ba mu sa shi a ido ba. Mutum ne mai kyauta da tausayi, amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Kafin shekarar da nake ba ku labari ya sake ni sau biyu. Na farko a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa, na biyu kuwa har yau ban san a kan me ba, shi ma da na tambaye shi daga baya ya kasa tunawa. Duk biyun ban gama ɗaure kayana ba ya aiko a ce in zauna. Igiya ɗaya ke nan ta rage tsakaninmu, kuma duk gidan an san da haka.

Inna, mahaifiyarsa, ita ce gwanar yaɓe da zanen ɗaki a unguwarmu. Lokacin da take da ido ba a kai amarya ɗaki sai an zo an roƙe ta ta sa hannu. Nata ɗakin tsohon soro ne tun na kakannin Malam, ita ta yi masa ado da kanta: jar ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, daga ƙasa, farar ƙasa daga sama, tsakaninsu zanen yatsu da ya zagaye ɗakin duka. Daɓen kuwa har sheƙi yake yi. Ni da na zo idonta ya riga ya tafi, inuwa-inuwa kawai take gani. Amma kullum da gari ya waye sai ta ɗora tafin hannunta na dama a bango daga bakin ƙofa, ta bi shi a hankali har ta zagayo, sannan ta durƙusa ta bi gindinsa. Na daɗe ina zaton lalube ne irin na makafi, har ina jin tausayinta. Wata safiya ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a wani wuri kusa da daɓe.

"Mi kinka ji?"

Na ce, "Ƙasa nij ji, Inna."

"Ba ƙasa ta ba. Hanyar gara ta. Jiya babu ta, yau ga ta. In kin kankare ta yau, ta koma inda taf fito. In kin bar ta kwana ukku, ta yi gida. Bango kamar dabba shike, ɗiyata, kullum sai an shahwa shi an ji lahiyatai."

Ita ta koya mini ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa in bambance mai ciki da wanda aka cinye. Ita ta koya mini cewa kafin ruwan farko dole a kankare tsohon yaɓe a duba, a yi sabo. Ba ta taɓa yabona ba, sai dai in na yi daidai ta ce, "Ai ko Rabah ana haihuwar mutane."

A shekarar nan Baturen da Malam ke yi wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu. Matarsa ta zo da wata takarda ta manna wa bango, naɗi-naɗi, da niyyar ƙawata gidansu, amma zazzaɓi ya kore ta kafin a manna ko ɗaya. Da zai tafi sai ya ba Malam ita duka, ya haɗa masa da darduma babba. A kan raƙumi aka kawo su daga Goronyo. Ranar a unguwarmu ba a yi aikin kirki ba, kowa ya zo kallo. Takardar koriya ce, da furanni jere-jere irin waɗanda ba sa fitowa a ƙasarmu, kowane fure daidai da ɗan'uwansa, har in ka daɗe kana kallo sai kanka ya fara juyawa. Dardumar kuwa ja ce wur, in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Ni kaina raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Na yi zaton ɗakinsa zai sa wa, don baƙi. Sai ya ɗauki naɗi ɗaya ya kai gaban Inna ya durƙusa.

"Inna, kin yi ma ɗakunan mutane ado shekara da shekaru. Yau ni zan yi ma naki."

Ta shafa takardar, ta kai ta hanci ta shinshina.

"Sanyi gare ta. Ina za a sa ta?"

"Bisa bango, Inna. Ɗakin duka, tun daga ƙasa har azara."

Ta ce, "To shi bangon hwa, ta ina za a riƙa gane shi?"

Ya yi dariya ya ce ai bango ya huta, ita ma ta huta. Na ga bakinta ya motsa za ta ƙara magana, amma ta ji irin murnar da ke cikin muryarsa, ta haɗiye. Ta sa masa albarka kawai. Kada ki zargi babanki a nan. Ƙauna ce ta sa shi, kuma bai tsaya ya tuna cewa wadda zai yi wa furannin ba za ta gan su ba.

Baturen bai bar abin mannawa ba. Kukunsa ne ya gaya wa Malam cewa talgen gari yana kamawa. Saboda haka ni, Kulu, da hannuna na dama talgen garin alkama tukunya uku, na shafe bangon Inna da shi lungu-lungu, maza suka bi da takarda. Wato na dafa wa gara abinci, na kai mata har gida, muka kawo mayafi muka rufa mata asiri. Aka shimfiɗa darduma ta rufe daɓen daga bango zuwa bango, aka mayar da gado da adaka a kanta, yadda mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ko gefenta ba. Ɗakin ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Mata sun yi ta zuwa daga wasu unguwanni suna tuɓe takalma tun daga nesa.

Washegari Inna ta ɗora hannunta a bakin ƙofa kamar kullum, ta zagaya. Ina tsaye ina kallonta. Ta zagayo ta wuce ƙofar ba ta sani ba, domin ko'ina sumul yake, babu zanen da zai gaya mata inda take. Ta tsaya tsakiyar ɗakinta na shekara da shekaru tana tambayata ina hanya. Duk da haka ba ta daina ba, kullum sai ta bi takardar da tafin hannu. Amma ta rage magana, ta rage ci. Can cikin bazara, wata rana bayan azahar, na kai mata fura, na same ta zaune ta jingina kunne da bango.

"Kulu, kina jin su?"

"Su wa, Inna?"

"Sun shigo. Suna ci."

Na saurara ban ji komai ba. Na ce bari in gaya wa Malam in ya dawo. Ta riƙe mini zane.

"Kada ki kashe mai zucciya ina raye. In na tahi, ki buɗe bangon. Kuma kada ruwa shi iske ɗiyar ga cikin ɗakin ga."

Ke take nufi, Nana. Tun da aka yaye ki a bayanta kike kwana, kuma a kan dardumar nan kike barcin rana. Ba a yi kwana ashirin da maganar ba zazzaɓi ya kama Inna, kwana uku ta cika.

Bayan an share makoki Malam ya ce a bar ɗakin yadda yake, kada a taɓa ko tsinke. In yana gari nan yake wuni, nan yake ganin baƙinsa na kusa. Ke kuma kika ƙi barcin rana a ko'ina sai can, ya ce a ƙyale ki, ɗumin kakarki kike nema. Ni ke shiga in yi shara, don haka ni na fara ganin tabon. Wani duhu ne ya fito a jikin takardar daidai kafaɗar Inna, ya zagaye ɗakin kamar an ja layi, a bakin ƙofa kuma yatsu biyar sarai. Na ce wa raina man shanun hannunta ne ya kama takarda. Wannan bayani ya riƙe ni mako guda. Amma mai hannun tana ƙasa, tabon kuwa kullum ƙara duhu yake yi, har ya fara fitowa a gindin bango, inda takan durƙusa ta bi.

Wata rana da rana tsaka, gida ya yi tsit, kowa ya kwanta don zafi, ina zaune a inuwa ina kaɗi, sai na ji dariyarki daga ɗakin, da ƴar hira ƙasa-ƙasa irin wadda kike yi da Inna. Na ajiye mazari na leƙa. Kina tsaye gaban bango, kika dunƙule hannu kika buga sau uku.

"Inna, kina nan?"

Sai bangon ya amsa. Wani sauti ne kamar ana zuba busasshen gero a kan tabarma, ya taso daga bakin ƙofa, ya bi layin tabon nan ya zagaye ɗakin a hankali, ya zo ya tsaya daidai inda kike. Kika juyo kina murmushi.

"Tana nan. Tac ce in zo in kwanta."

Na sure ki na fita da gudu har na taka ƙwaryar auduga. Na san ko mene ne. Inna da bakinta ta taɓa gaya mini cewa gara in ta yi yawa a bango, in an buga, sai ta yi ta kaɗa kai tana sanar da ƴan'uwanta. Amma sanin bai gaya mini abin da ya sa sautin ya bi hanyar hannunta ba. Kuma in har gara ce, to ta kai yawan da za ta amsa wa bugun hannun ƴar shekara uku, a ƙarƙashin azarar da ke ɗauke da rufin ƙasa.

Da Malam ya dawo na gaya masa. Ya ce tsoron mata ne. Bayan kwana biyu na kai masa ruwan alwalar la'asar, na tarar da ƙofar a saye. Ta tsagar ƙyaure na gan shi, babban mutum, mai yi wa bijimai allura, zaune a kan darduma ya tanƙwashe ƙafa. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bango sau uku. Bangon ya amsa masa. Ya sunkuyar da kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa. Na koma da butar a hankali. A ranar na gane ba takardar Bature yake karewa ba.

Ruwan farko ya sauka. Na kasa barci, na kasa ci. Na jira ranar da Baffansa, limamin unguwarmu, ya shigo gaisuwa, don ina zaton a gaban babba zai saurara. Wannan shi ne kuskurena, domin Malam ba ya son a gyara masa zance a gaban mutane. Na durƙusa na ce,

"Malam, ɗakin ga ya ruɓe daga ciki. A bari in ɗebe takardar ga, a kira magini shi duba, in yaso a mayar."

"Kin ga ko hudar allura bisa takardar?"

"Daga baya suka ci, Malam. Huskar suka bari."

"Shi na abin ƙarshe da niy yi ma uwata. Kina son ki tuɓe mata shi tun ba ta shekara ba?"

"Ita tac ce in buɗe."

Nan ya miƙe tsaye. Ina jin ya ɗauka ina nufin Inna ba ta so kyautarsa ba, kuma ya san gaskiya ne, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

"To ji nan, Kulu. Ran da hannunki yat taɓa takardar ga da niyyar ɗebe ta, a bakin aurenki."

Baffa ya ce, "Subhanallahi, Malam. Ka san abin da kac ce?"

Ya sani. Na ga nadama a fuskarsa tun kafin ya rufe baki, kamar sauran biyun. Amma wannan karon a gaban liman ya faɗa, kuma babu sauran igiyar da za a ja. Da safe ya hau doki ya tafi Gandi aikin mako biyu, bai ko karya kumallo ba.

Kada ku ce don me ban hana yarinya shiga ba kawai. Na hana. Na goya ki, ƙatuwa da ke, ina daka ina tankaɗe, kika yi ta kuka har jikinki ya yi zafi kika ƙi abinci. Na tokare ƙofar da turmi, matan gida suka kawar, suka ce ubanta ya ce a ƙyale ta, kuma ba a rufe wa Inna ƙofa. Duk sun ji bangon, duk sun yarda ita ce. Na roƙe su ɗaya ta cire takardar tunda ba a kan hannunsu aka yi rantsuwa ba, suka dube ni kamar na ce su tone kabari. Na aika wa Baba magini, ya ce ba ya shiga ɗakin mutum ba da iznin mai gida ba. Kuma ko na tsare ki mako biyu, shi Malam fa? In ya dawo nan zai zauna, ya ɗora ki a cinya.

Sai marka ta kama, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. A rana ta uku da hantsi na sauke ki don in hura wutar da ta ƙi kamawa. Ban fi hura biyar ba na waiga babu ke. Na same ki kwance a kan darduma, kin manne da bango, kina barci. Wata ƙasa mai laushi tana zubowa daga gindin azara, siririya, ba ta yankewa, ta taru a kumatunki da gashin idonki. Takardar da ke saman kanki ta kumbura, furannin sun karkace. Inda kike kwance kuwa dardumar ta lotsa kamar an yi miki gurbi. Ɗakin babu motsin komai, amma ina jin sautin nan ƙasa-ƙasa ta kowane gefe, ba tare da kowa ya buga ba.

Na ɗauke ki na kai ki ɗakina, na sa wata ta riƙe ki. Na dawo na tsaya a bakin ƙofa ruwa na dukana. Ba hauka ba ne, Nana. Ban taɓa zama cikin hankalina kamar lokacin nan ba. Na tuna gidan, na tuna Malam, wanda duk da bakinsa ina sonsa. Na tuna cewa ke an yaye ki, kuma gidan nan ba sa barin ɗiyarsu ta bi uwa. Na san abin da zan rasa ɗaya bayan ɗaya. Sannan na yi sallama na shiga.

"Inna, ni ta, Kulu. Na zo buɗewa."

Sautin ya tsaya cak. Na sa farce a gefen ƙofa na ja. Takardar ta taho ba nauyi, kamar yanar da ke kan kunu, domin fuskar kawai ta rage. Bayanta babu farar ƙasa, babu makuba, babu zanen Inna ko ɗaya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ramuka-ramuka, fari fat da gara, suna zubowa a hannuna da wuyana. Na yi ta ja ina kuka. Da na zo ƙarƙashin babbar azara na dafa bango don in miƙa, sai hannuna ya shige har gwiwar hannu. Na ture gado da adaka, ban san inda na samu ƙarfin ba, na naɗe dardumar. Ƙasanta duk an cinye, daɓen nan mai sheƙi ya zama kamar saƙar zuma. Na ja ta na jefar waje.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. A bakin ƙofa, inda yatsun nan biyar suka fito a takarda, ƙasar da ke baya sabuwa ce, ɗanya, irin wadda gara ta gina a kwanakin. A jikinta akwai sawun tafin hannu na dama, ya shiga sosai kamar yanzu aka danna, ƙaramin yatsan a karkace. Inna ta karye a wannan yatsa tun tana budurwa, haka ya warke. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Ba ni da bayani, kuma ban nemi malami ya ba ni ba. Abin da idona ya gani ke nan.

Tunda bango ya riga ya buɗe, Baffa ya ba da izni aka kira Baba magini. Da ya shiga ya ɗaga kai, sai ya kore mu duka waje. Ya sa aka kawo gwafanni aka tokare azara, ya sare ruɓaɓɓen, ya cike da sabuwar ƙasa, ya yi kwana tara yana aiki shi da ƴaƴansa. Mutum ne marar magana, kuma bai shekara ba ya rasu. Saboda haka ranar da Malam ya dawo, ɗakin na tsaye ƙyam, da sabon yaɓe, babu takarda, babu darduma. Ɗakin ya ci gaba da tsayuwa har lokacin da aka rushe shi aka yi na siminti, kin girma kin gan shi. Shi ya sa mutanen unguwa suka ce, ga ɗakin da ta ce zai faɗi. Da na bar shi ya faɗi, da kowa ya yarda da ni.

Malam ya tsaya tsakiyar ɗakin ya daɗe. Sannan ya fito ya same ni a gaban Baffa.

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Kin tuna abin da nic ce?"

"Na tuna, Malam."

Ya dubi Baffa kamar yaron da ke neman a ce masa akwai wata hanya. Baffa ya girgiza kai. Wannan karon na gama ɗaure kayana tsaf, babu wanda ya aiko a ce in zauna. Da jakin da zai kai ni Rabah ya zo, na neme ki in yi miki sallama. Na same ki a ɗakin Inna kina buga sabon yaɓe da hannu, kina kira. Babu abin da ya amsa. Na miƙa hannu zan ɗauke ki, kika ja da baya, kika dube ni da idon da ban manta ba.

"Kin kori Inna."

Maganar ƙarshe ke nan da kika yi mini a gidan ubanki.

Bayan shekara guda aikin allura ya biyo da Malam ta Rabah. Ya tsaya a zauren babana ya aika a kira ni. Ya rame. Muka gaisa kamar baƙi, ni daga bayan ƙyaure. Sai ya ce Baba magini kafin ya rasu ya kira shi, ya gaya masa abin da ya tarar, cewa faɗin tafin hannu ne kawai na ƙasa ya rage yana riƙe da babbar azara, kuma da markar ta ƙara kwana biyu da rufin ya sauko.

"Na sani, Kulu. Ke ad da gaskiya."

Na ce, "To ka hwaɗi ma mutane."

Sai ya ce, "In sunka ji, Nana za ta ji. Za ta san ubanta yak kusa binne ta da rai, kuma shi yar rufe ma kakarta ido na biyu. Ni kaɗai gare ta cikin gidan ga. Ki rufa man asiri ina raye."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki zan gaya masa abin da bai taɓa ji ba. Sai na tuna a gidansa kike kwana, a hannunsa kike ci. Yarinya tana bukatar mutum ɗaya da za ta yarda da shi, kuma gara ya zama wanda ke kusa da ita. Na ce masa to. Daga baya na yi wani aure a Rabah, na haifi ƙannenki, su ma suka tashi suna jin ana nuna uwarsu da baki. Na zo aurenki aka zaunar da ni cikin baƙi, kika gaishe ni kamar yadda ake gaishe da maƙwabciya. Na zo sunan ɗanki na fari, ba ki bari na ɗauke shi ba. Ban ce komai ba, don na yi alkawari.

Yanzu Malam ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya yafe masa, ni na yafe tuntuni. Alkawarin ya sauka daga wuyana, shi ya sa na rubuta. Ba ina neman ki zo ki durƙusa ba ne, Nana, kuma kada ki rage wa babanki ko ƙwayar addu'a ɗaya saboda wannan. So nake ki sani kawai. Kin yi shekarun nan duka kina fushi da ni, abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma babu shekarar da ta wuce a cikinsu da ban gode wa Allah ba da kina da ran da za ki yi fushin.